Garkar gida a lokacin ɗari

Idan kaka ta wuce, an kai hatsi rumbu, ruwan sama ya ɗauke sai baɗi. Rumbu yana ba da tuwo, amma ba ya ba da miya. Gidan da ba shi da garka, sai ya sayi kayan miya a kasuwa, ko ya dangana da busasshiyar kuka har damina. Shi ya sa bayan farin shekarar 1984 gwamnatin Nijar ta ƙarfafa wa mutane su riƙa noman rani.

Salati da shu da karoti da tumati da albasa duk sanyi suke so. Sanyin kuwa ba ya daɗewa: daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Da zafi ya shigo a watan Maris, salati sai ya miƙe ya yi fure, ganyensa ya yi ɗaci, furen tumati kuma ya riƙa zubewa. Saboda haka mai garka ba ya jinkiri. Da sanyin safiya ake kama fara.

Shirin wuri

Ana zaɓen wuri kusa da rijiya, inda rana take samu sosai. Kafin kome, sai a yi darni na kara ko shingen ƙaya. Darni yana tare iskar hunturu, yana kuma hana awaki da kaji shiga. Akuya ɗaya tana iya cinye aikin wata guda kafin a gama karin kumallo.

Daga nan sai a kafce ƙasa da kalme, a farfasa hoge, a tsince duwatsu. A ja fangali mai faɗin metir 1 da tsawon metir 5, a bar ƴar hanya tsakanin fangali da fangali don kada a taka shuka. A zuba taki a gauraya shi da ƙasa. Takin da ya ruɓe ake sawa. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, yana kuma kawo irin ciyawa.

Shuka da dashe

Salati da shu da tumati da albasa, a ƙaramin fangali ake fara rainonsu, tun daga ƙarshen Oktoba. A yafa iri, a rufe shi da ƙasa kaɗan, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai. Ranar da ya tsiro sai a kwashe ciyawar.

Salati yana isa dashe idan ya yi ganye 4 ko 5. Albasa kuwa sai ta yi kwana 40 zuwa 50, ta kusa kaurin alƙalami. Da marece ake dashe, a ba da ruwa nan take. Ana barin santimetir 30 tsakanin salati da salati, 50 tsakanin shu ko tumati, 15 tsakanin albasa. Karoti ba ya son dashe. Inda aka shuka shi, nan zai zauna. Idan ya tsiro a cunkushe, sai a cire wasu don sauran su yi kauri.

Ban ruwa da kulawa

Ban ruwa shi ne babban aikin garka. Ana yin sa sau biyu kullum, da sassafe da marece. Ba a yi da tsakar rana, don rana ce za ta shanye rabin ruwan. Fangali ɗaya yakan sha kamar bokiti 4 a yini, kowane mai cin litir 10. Ga ƙananan shuka, ana amfani da gwangwanin da aka huhhuje gindinsa, ruwa ya sauka a hankali kamar yayyafi. Shukar da ta yi kwana biyu ba ruwa takan tsumbure.

Kowane mako ana cire ciyawa, a sosa ƙasa sama-sama. Ana duba bayan ganyen shu, don nan tsutsa take ɓuya. A tsince ta da hannu. Idan ta yi yawa, a daka ƴaƴan dogon yaro, a jiƙa su kwana, a tace, a yayyafa wa ganye da marece. Tumati kuma a kafa masa sanda a ɗaure shi, kada ƴaƴansa su kwanta a ƙasa su ruɓe.

Amfani

Salati yana isa ci bayan wata ɗaya da ƴan kwanaki da dashe, karoti bayan wata uku da shuka. Albasa takan kai wata huɗu. Idan ganyenta ya kwanta, sai a daina ba ta ruwa, ta ɗan bushe kafin a tone ta, don ta jure ajiya. Haka manoman Galmi, cikin jihar Tawa, suke yi, albasarsu tana zuwa har Gana.

Karoti da ɗanyen ganye suna da bitamin A, wanda yake tsare yara daga dundumi. Abin da gida bai cinye ba a kai kasuwa, a sayi sabulu da littafi da irin baɗi.

Kalmomi

Fangali: yankin ƙasa da aka ja wa kunya a kewaye don ya riƙe ruwa.
Dashe: cire ƙaramar shuka a sake kafa ta wani wuri.
Dundumi: rashin gani da dare.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai garka ba ya jinkiri?
2. Mene ne amfanin darni?
3. Wace shuka ce ba ta son dashe?
4. Garka mai fangali 6, litir nawa take sha a yini?

Aiki

Kowane ɗalibi ya auna fangali ɗaya a garkar makaranta, ya rubuta ranar shuka da ranar tsiro.