Koyar da Mabuɗin Labarin Kai ga Ɗaliban Lise

Duk malamin da ya taɓa sa ɗaliban lise su rubuta labarin kansu ya san irin mabuɗin da ake kawo masa: "Sunana wane. An haife ni a Damagaram. Mu bakwai ne a gidanmu. Ina son karatu." Babu kuskuren nahawu a nan, amma abin ya fi kama da takardar haihuwa. Mai karatu ya sami bayanai, bai kuwa ga mutumin ba. Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a shekarar 2025, koyar da irin wannan rubutu nauyi ne da zai hau kan yawancinmu masu nazarin harshe.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara ganewa shi ne, labarin kai yana somawa ne daga wani lokaci guda da wani abu ya same shi. Dubi wannan misali:

"Ranar da aka aike mu kasuwa ni da ƙanena, muka isa gaban mai tumatir, na laluba aljihu, sai na ji wayam. Na tsaya ina kallon ƙasa, mutane suna ta wucewa."

Ɗalibin bai faɗi sunansa ba, amma mun san yana da ƙane, mun san an amince masa da kuɗin cefane, kuma muna son jin yadda zai koma gida.

Nahawu yana da hannu a wannan tasiri. Shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya (mun, sun, an) yana ba da rahoton abin da ya riga ya kammala. Shuɗaɗɗen lokaci na biyu (muka, suka, aka) shi ke jera aukuwa ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa tare da "sai". Lokaci mai ci (ina, suna) kuwa yana shimfiɗa yanayin da abin ya faru a ciki. Wahalar ita ce, a mutum na farko tilo, "na" ɗin lokutan biyu tsawon wasali ne ya bambanta su, rubutun yau da kullum kuma ba ya nuna tsawon wasali. Don haka malami ya sa ɗalibi ya mayar da jimlarsa jam'i: in "mun" ta fito, rahoto yake bayarwa, in "muka" ta fito, ya shiga labari. Ɗalibin Tawa ko na Dogondutsi da ya rubuta "munka" ko "anka" ya fahimci tsarin sarai. A nuna masa daidaitacciyar siga ba tare da an kushe karin harshensa ba.

A aji, a fara da baki. Ɗalibai su zauna bibbiyu, kowa ya ba ɗan'uwansa labarin wata rana da ba ya mantawa. Daga nan kowa ya rubuta jimloli uku na farko kawai, su yi musayar takardu. Wanda ya karanta ya rubuta tambayar da ta zo masa a rai. Idan babu tambaya, mabuɗin bai buɗe komai ba, sai a sake shi.

Sai kuma batun kunya. Yaron da aka tarbiyyantar a kan kada ya yabi kansa, kada ya bayyana sirrin gida, zai ɓuya a bayan bayanan da ba su da haɗari. Kada malami ya matsa masa. A bar shi ya zaɓi labarin da yake so, a yarje masa ya sakaya sunaye, kuma kada a karanta aikinsa a gaban aji sai da yardarsa. Ɗalibin da aka yi wa dariya a kan labarinsa na farko, da wuya ya sake rubuta na gaskiya.