DARASINMU NA WANNAN MAKO: YADDA AKA KWASHE GUBAR DALMA A ZAMFARA

Yau darasinmu daga maƙwabtanmu na jihar Zamfara ya fito.

Me ya faru?

A shekarar 2010 ƙananan yara suka riƙa suma da jijjiga suna mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka lura da abin. Da aka gwada jinin yaran sai aka tarar da gubar dalma. Yara fiye da 400 suka rasu.

Daga ina gubar ta zo?

Mutane na haƙo duwatsu masu zinare su kawo cikin gari, a daka a turmi ko a niƙa da injin niƙa. Ashe akwai dalma a duwatsun. Ƙurar ta sauka a tsakar gida da ɗakunan kwana. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, shi ke nan ya haɗiye ta. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwa, kuma ba ta ruɓewa kamar shara.

Yaya aka share?

Likitoci suka ce magani ba zai yi amfani ba idan yaro zai koma gida mai guba. Dole a fara gyara ƙasa. Masana suka bi gida-gida da na'urar gwaji. Inda aka ga dalma, sai a kankare saman ƙasa kamar santimita 5, a zuba a buhuna, a kai wani rami na musamman a binne, sannan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa.

Baƙi ba za su iya wannan su kaɗai ba. Sarakuna da masu unguwanni ne suka sa aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Matasan ƙauyukan ne suka riƙe fatanya da shebur da baro. Mata ma'aikata suka shiga cikin gidaje suna yi wa iyaye mata bayani. Haka aka gama ƙauyuka 7 tsakanin 2010 da 2011.

Bagega kuwa ta daɗe tana jira saboda kuɗin gwamnatin tarayya ba su fito ba. Wani matashi, Hamzat Lawal, da abokansa suka yi ta matsa lamba a intanet. Aka saki kuɗin a farkon 2013, aka share garin, yara suka fara shan magani.

Mu fa?

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu a yankin Funtua da Malumfashi manoma ne. Muna ganin robobin maganin feshi a gonakin masara da auduga, wasu har ruwan sha ake zubawa a ciki. Tsohon batirin mota ma dalma ce a cikinsa. Mu hana ƙannenmu wasa da su, mu wanke hannu kafin cin abinci, mu gaya wa iyaye ko mai unguwa idan mun ga an jibge su kusa da rijiya.

Tambayar mako: me ya sa aka fara share ƙasa kafin a ba yara magani? A kawo amsa wurin kulob ranar Juma'a.