Masu Awon Ƙasa Da Taki Da Amfanin Gona

A cikin shekarar 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a gidajen kiwo na Ingila, masu su kuwa suka rasa gane abin da ya kashe su. Likitocin dabbobi suka duba ba su ga wata annoba da suka sani ba. Daga baya aka lura duk tsuntsayen abinci ɗaya suka ci, watau tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Brazil. Sai aka miƙa ta ga masu ilmin haɗa magunguna, waɗanda yanzu ake ce wa masu ilmin sinadarai. Suka yi ta tacewa suna rarrabewa, har suka fid da wani dafi wanda wata irin fumfuna ke zubawa cikin gyaɗa in ba ta bushe sosai ba. Suka sa masa suna aflatoksin. Tun daga ran nan cinikin gyaɗa na duniya ya sake, har da namu na Arewa, a zamanin da dalar gyaɗa ke tsaye a Kano.

Wannan dafi ba ya da wari, ba a ganinsa, suya ba ta kashe shi. Yana ɓata hanta, in an daɗe ana ci yakan kawo ciwon daji, ana kuma alaƙanta shi da tsumburewar yara. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu don cin masarar da ta kamu. Ƙasashen Turai ba su karɓar gyaɗar ci in dafin ya wuce giram 4 cikin tan 1,000, watau abin da bai cika cokalin shayi ba cikin lodin tirela fiye da 30. To, wace ƙwarya ko wane sikeli na kasuwar Babura zai auna wannan? Dillali komai wayonsa iyakarsa ya ɓare ƙwaya ya tauna. Sauran aikin na ɗakin awo ne.

Ilmin nan na awo tambaya biyu yake amsawa: mene ne cikin abu, nawa ne kuma yawansa. Manomin Kazaure da Roni da Gwiwa yana gamuwa da tambayoyin nan kowace damina ko bai sani ba. Buhun takin zamani mai kilo 50 da aka rubuta wa 15-15-15, ma'anarsa akwai kilo 7 da rabi na kowane ɗaya daga abincin shuka uku: naitirojin mai sa ganye kore, da fosfet mai ƙarfafa saiwa da ƙwaya, da fotash mai ƙarfafa kara. Buhun yuriya kuwa, kashi 46 cikin 100 naitirojin ne, watau kilo 23. In wani marar tsoron Allah ya kwance buhu ya gauraya da yashi ko tsakuwa ya ɗinke, manomi ba shi da hanyar ganewa sai ran da gero ya ƙi tashi, sa'an nan kuwa damina ta yi nisa, kuɗi sun tafi. A 2019 aka sa hannu kan dokar kula da ingancin taki a Nijeriya, wadda ta tanadi hukunci kan masu algus. Amma alƙali ba zai hukunta kowa ba sai wani ya ɗebi takin, ya auna, ya rubuta abin da ya samu, ya kuma iya tsayawa a kan awonsa gaban shari'a. Hanyar awon naitirojin ma ba sabuwa ba ce, wani mutumin Denmark mai suna Kjeldahl ya fito da ita tun 1883, har yau kuwa ana aiki da ita.

Ita ma ƙasar gona haka take. Yawancin gonakin wannan yanki jigawa ne, rairayi mai saurin tsotse ruwa, mai ƙarancin fosfet da ruɓaɓɓen ganye. A Samaru ta Zariya an fara wani gwaji tun 1950, aka yanka fili kashi kashi, wani ana zuba masa takin shanu, wani takin zamani, wani duka biyu, shekara da shekaru. Awon ya nuna inda aka dinga zuba takin naitirojin shi kaɗai ƙasar ta yi tsami, amfani ya riƙa raguwa, inda aka haɗa da takin shanu kuwa ta riƙe ƙarfinta. Saboda haka wanda ya ga gonarsa ta gaji ya ƙara mata yuriya, wataƙila ciwon yake ƙarawa. Gyaɗa da wake ma ba su faye bukatar yuriya ba, don suna da ƙulle-ƙulle a saiwa masu jawo naitirojin daga iska. Supa suka fi so.

Wanda zai aika da ƙasarsa awo, kada ya ɗebo daga wuri guda. A bi gonar a karkace, a haƙa wuri 15 ko 20, zurfin kamar taƙi guda, a zuba cikin bokiti mai tsabta a cuɗa, a ɗebi rabin kilo a shanya a inuwa. A kauce wa juji da suri da gindin gawo, domin ƙasar nan ta fi sauran gonar ƙarfi, za ta sa awo ya yi ƙarya. A rubuta sunan gona da abin da aka shuka bara. Malamin gona na ƙaramar hukuma shi ne zai faɗi inda za a kai.

'Yan kasuwa sun ɗanɗana nasu a 2015, sa'ad da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Dalili, masu awonsu sun yi ta samun maganin ƙwarin nan da ake ce wa fiya-fiya cikin waken, ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba. Abin takaicin shi ne a tashar jirgin ruwa ta wata ƙasa aka gano, bayan an biya dako da haya. Waken da bai fita ba kuwa, a tukwanen gida ya ƙare.

Ga inda maganar jami'a ta shigo. Makarantu ba su yi ƙaranci ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tun 1962, ga ta Bayero a Kano, ga ta Tarayya a Dutse tun 2011, ga Kwalejin Hussaini Adamu a Kazaure, a 2021 kuma aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Sai dai awo sana'ar hannu ce, kamar ƙira ko dukanci. Yaron da ya haddace sunan na'ura daga allo, ya zana hotonta ran jarrabawa, bai taɓa kunna ta ba, bai zama mai awo ba ko da ya ci digiri. Sai ya auna abu ɗaya sau goma ya ga amsa tana kaucewa, ya nemi dalili. Sai ya koyi gwada na'urarsa da abin da aka riga aka san yawansa, kamar yadda mai kanti ke gwada sikelinsa da dutsen awo. Sai kuma ya koyi faɗin gaskiya ko mai kaya ya ɓata rai. Wannan duka yana bukatar wutar lantarki da ba ta yankewa, da ruwa tatacce, da magungunan gwaji, da makanikin da zai gyara na'ura in ta tsaya. Na'ura mai tsada da aka lulluɓe da zane a kusurwar ɗaki, sai ran zuwan baƙi a buɗe, ba ta koya wa kowa kome ba.

Abin da ya fi kyau shi ne ɗalibai su riƙa koyo da kayan ƙasarsu: ƙasar gonakin Gwiwa, ruwan rijiyoyin Roni, ƙuliƙuli da riɗi da zoɓo daga kasuwar Kazaure, takin da ake sayarwa a Babura. Yaro ya sami hannu, manomi ya sami amsa kusa da gida ba sai an kai Zariya ko Legas ba. Kafin a kai ga haka, abin da ke hannun manomi shi ne ya cire gyaɗarsa da ta nuna kada ya bari ta daɗe a ƙasa, ya shanya ta a kan tabarma ko tamfol har ƙwaya ta riƙa kaɗawa cikin ɓawo, ya tsince ruɓaɓɓu da motsattsu ya ƙone, kada ya ba kaji ko akuya, ya kuma ɗora buhunansa bisa katako nesa da bango.