Furen katanga mai son ƙishirwa

Takardar farko da masu sauraro suka aiko mana ta fito daga wata Hajiya a Zariya. Ta ce ta dasa furen nan mai ƙaya da ke lulluɓe katangun gidaje, wanda masu sayar da furanni ke kira buganbiliya. Safe da yamma tana ba shi ruwa, ga taki, amma sai ganye yake ta zubawa, fure ko ɗaya babu. Tana tambaya ko wane laifi ta yi masa.

To Hajiya, gata ne ya yi masa yawa. Asalinsa daga Kudancin Amurka yake, Birazil da Peru har zuwa Ajantina, inda yake fitowa a bakin kurmi da gangaren tuddai, wuraren da rana ke duka sosai kuma ruwa ba ya kwanciya. A 1767 wani ayarin jiragen ruwan Faransa ya yada zango a Rio de Janeiro, masanin tsirrai Philibert Commerson ya tattara shi, aka raɗa masa sunan shugaban tafiyar, Bougainville. Af, yaron Commerson mai ɗaukar masa kaya ashe mace ce, Jeanne Baret, ta yi shigar maza saboda ba a barin mata su hau jiragen sojan ruwa a lokacin.

Itace ne sosai, gindinsa yana kauri da shekaru. Ba ya nannaɗe abu irin na kabewa. Da ƙayoyinsa masu lanƙwasa yake maƙalewa, ya jingina da bango ko bishiya, ya yi ta hawa, wani har mita 12. Kuma abin nan ja ko fari ko ruwan hoda da kike ɗoki, mai kaushin takarda, ganye ne da ya rikiɗe. Ki leƙa tsakiyarsa, za ki ga 'yan ƙananan furanni farare guda uku. Su ne furen ainihi.

Tunda asalinsa daga inda ruwa ba ya kwanciya yake, ki janye hannu. Ki bari ƙasa ta bushe kafin ki sake ba shi ruwa, ki daina zuba masa yuriya, don ganye take sawa. In kuma a inuwar darbejiya kika dasa shi, nan ma akwai magana, sai ya sha rana yake fure. Ai kin ga da rani yake ƙawata katangun Kano da Yamai, lokacin da babu mai kula shi.

Sai wani Malam daga Damagaram da ke neman irinsa. Malam, ba a wahalar neman iri. Ka roƙi maƙwabci reshe mai ɗan ƙwari kamar taƙi guda, ka soka a yashi mai danshi a inuwa, in ya yi saiwa ka mayar da shi gindin katanga. Sai dai ka nisanta shi da inda yara ke wasa, ƙayar ba ta da mutunci.