Sitika ba ta aiki a cikin kwamfuta

Makon jiya wani ɗalibi ya shigo shagona da laftof ɗinsa a hammata, ransa a ɓace. Tun da ya ƙara mata RAM take yi masa tsiya: yana cikin rubutu sai allon ya koma shuɗi, ta mutu. "Oga, wallahi mai suna na saya," in ji shi. Sitikar wani babban kamfani ce a jiki kuwa, tana ta ƙyalli. Da na ɗaga ta, sai ga baƙaƙen cip ɗin an kankare rubutunsu na asali an buga wani. Na sa mata gwajin MemTest86, kafin shayina ya huce jan rubutu ya cika allon.

Abin da masu saye da yawa ba su sani ba shi ne, kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawan cip ɗin RAM na duniya: Samsung da SK Hynix a Koriya ta Kudu, sai Micron a Amurka. Irin su Kingston da Corsair da ADATA sayen cip suke yi, su ɗora a kan nasu allon, su gwada, su sa suna. Ƙananan kamfanonin da ba wanda ya san su ma a kasuwa ɗaya suke saye. Kuma duk ma'auni guda suke bi, wanda hukumar JEDEC ta tsara. Saboda haka marar suna mai kyau ba ta fi mai suna nawa ba, in lambobinsu ɗaya ne.

To ina kuɗin ke tafiya? Gwaji da garanti. Babban kamfani na tace cip ɗinsa, yana kuma karɓar wadda ta lalace. Marar suna kuwa sa'a ce: wata cip ɗinta lafiyayye, wata kuma ragowar da aka ƙi ne, ko waɗanda aka ciro daga matattun kwamfutoci. Sai dai a gaya wa juna gaskiya, garantin nan da ake rubutawa a kwali, mu nan wa za ka kai wa? Garantinka na gaske shi ne mai shagon da ya yarda ka dawo masa da kaya.

Matsalar da na fi gani ma ba ta suna ba ce, ta rashin dacewa ce. DDR3 ba ta shiga ramin DDR4, tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, kada ka danna da ƙarfi. Wadda ta fi yaudarar mutane ita ce DDR3 da DDR3L. Kamarsu ɗaya, ramin ɗaya, amma ta farko bolt 1.5 take ci, ta biyu 1.35. Laftof da yawa masu Intel zubi na huɗu, irin na gwanjon da suka cika hannun ɗalibanmu, DDR3L kawai suke so. Duba jikin tsohuwar: in ka ga PC3L, nemi PC3L. In kuma ka haɗa mai sauri da mai nawa, duk a gudun mai nawa za su tafi.

Ni a nawa injin, ta hannu nake sawa, wadda aka ciro daga Dell ko HP, mai tambarin Samsung ko Hynix a kan cip ɗin kansa. Ta riga ta yi shekaru tana aiki, kuma gwajin dare ɗaya ya isa ya tona asirinta in tana da ciwo.

Irinta na sa wa ɗalibin nan, gig 8, na ce ya bar min laftof ɗin ta kwana a kan gwaji. Da safe ba kuskure ko ɗaya. Waccan mai sitikar kuma ya ce zai mayar wa wanda ya sayar masa, sai dai bai karɓi rasit ba.