Hasken da Ke Tona Asirin Sankarar Mama a Ɗakin Tiyata

Gabatarwa

Ni 'yar Beji ce, ta ƙaramar hukumar Bosso, kusa da Minna. Abin da ya sa na yi wannan ɗan nazari kuwa shi ne abin da ya sami gwaggona. Ta ji ƙullutu a mamanta, ta ɓoye shi fiye da shekara guda don tsoron kada a yanke mata nono. Ko da aka kai ta asibiti, yankewar dai aka yi.

Ina Iyakar Ciwon?

Idan an gano ciwon da wuri, likita kan cire ƙarin kaɗai da ɗan naman da ke kewaye da shi, ya bar nonon. Wahalar ita ce gane iyaka, domin ido da yatsa ba sa ganin ƙwayoyin da suka yi saura. Akan aika naman ɗakin gwaji, sai bayan kwanaki sakamako ya fito. In an ga ciwon ya taɓa gefen yankan, dole baiwar Allah ta sake kwanciya a yi mata tiyata ta biyu.

Yadda Hasken Ke Aiki

Mai karatu, ka tuna fitilar da ake haska takardar kuɗi da ita a banki don gane jabu? Alamun da ke ɓoye sai su yi ƙyalli. To, dabarar ke nan. Akwai sinadaran da kan sha wani irin haske su mayar da wani, kyamara ta ɗauka ta nuna a allo.

A shekarar 2005 likitoci a Japan suka bayyana amfani da wani koren rini, indosiyanin, wajen bin sawun kaluluwar hammata da ciwon kan fara yaɗuwa zuwa gare ta. A watan Afrilun 2024 kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Lumisight. Ana yi wa mace allurarsa ta jijiya awa 2 zuwa 6 kafin aiki. Abin da ya fi burge ni shi ne, ba ya ƙyalli sai sinadaran da suka yawaita a wurin ciwon sun tsinka shi. Bayan an cire ƙarin, likita zai zura na'ura cikin ramin. Duk inda ya haska, sai ya ƙara yankewa nan take.

Sai dai ba a rasa nono a ruga: hasken ba ya ratsa nama da zurfi, wani lokaci lafiyayyen wuri ma kan haska, kuma jikin wasu kan ƙi maganin har ya zama haɗari.

Mu Fa?

An ƙiyasta cewa mata fiye da 32,000 suka kamu da wannan ciwo a Nijeriya a 2022, kuma akasari sai ya yi nisa suke zuwa asibiti. A ganina, ko yau aka kawo na'urar Minna, macen da ta zo da ƙaramin ƙullutu za ta fi amfana. Na gwaggona ya kai girman lemon zaƙi, har ya kama fata. A irin wannan hali likita ba ya neman iyaka.