Yadda Ake Gwada Manhaja a Kwamfutar Gida Kafin a Tura Ta

Al'adar masu rubuta manhaja a yau ita ce, duk sa'ad da ɗayansu ya yi ƙari ko gyara, sai ya tura aikin zuwa rumbun GitHub, inda waɗansu na'urori na nesa za su harhaɗa shi, su bi gwaje-gwajen da aka gindaya ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan su yanke hukunci ko ya inganta ko ya ɓaci. Wannan tsari na GitHub Actions, wanda aka buɗe wa kowa a 2019, alheri ne babba. Amma ga saurayin da ke zaune a Hunkuyi, hedkwatar ƙaramar hukumar Kudan, wanda da guminsa yake sayen data, wutar lantarki kuma ba ta cika masa alkawari, ya tura aiki sau biyar saboda waƙafi guda da ya manta hasara ce ta lokaci da dukiya. Abin da ya kamace shi shi ne abin da almajiri ke yi, ya yi muraja'ar allonsa shi kaɗai kafin ya durƙusa gaban malam.

Sharaɗi na farko shi ne ya sa Docker a kwamfutarsa, domin ita ce za ta gina keɓaɓɓen akwati mai kama da na'urar can, a yi gwajin a ciki ba tare da an taɓa sauran kayansa ba. Bayan haka sai ya sa ƙaramar manhajar nan ta kyauta mai suna act, wadda aikinta karanta umarnin da ke cikin .github/workflows ta aiwatar da shi.

A nan ne ake bukatar natsuwa, gama ranar da aka fara kunna act za ta tambaya wane ƙunshi na kayan akwatin za a sauko da shi, ƙarami ko matsakaici ko babba. Matsakaicin bai wuce kimanin megabayit 500 ba, alhali kuwa babban ya haura gigabayit 10, saboda haka shawarata ita ce a zaɓi matsakaici, a kuma sauko da shi inda intanet ke da ƙarfi, ko da sai an shiga Zariya ne an nemi abokai a Samaru. Da ya sauka, a riƙa haɗawa da umarnin --action-offline-mode, don kada ta sake jawo abin da ke hannu.

Daga nan aiki ya yi sauƙi. A rubuta act -l a ga jerin ayyukan, a rubuta act -j tare da sunan wanda ake so a gudanar, a karanta inda ya tsaya, a gyara, a maimaita har ya wuce lafiya.

Mabuɗan sirrin da gwajin ke bukata kuwa amana ce, musamman idan na mai aikin ne da ya yarda da kai: a ajiye su cikin fayil mai suna .secrets, kuma wajibi ne a rubuta sunansa cikin .gitignore tun kafin a zuba kome a ciki, domin abin da ya shiga tarihin rumbu da wuyar gogewa yake.

Sai dai akwatin Docker na Linux ne, ba ya ɗaukar ayyukan da aka tsara wa Windows ko macOS, kuma ƙunshi matsakaici bai tara dukan kayan da ke na'urar GitHub ba. Don haka idan gwajin gida ya wuce, a tura aikin sau ɗaya, a jira hukuncin can kafin a haɗa shi da babban reshen rumbun.